Kifin Auta a Hannun Baba Famfo

Mijina bai taɓa shan ruwa a gidan mutane ya yi shiru ba. Za a kawo masa kofi, sai ya ɗaga shi ya duba ta hasken taga, ya sansana, ya kurɓa kaɗan ya juya a baki, sannan ya gaya wa masu gida ko bututunsu ya fara tsatsa. Da farko kunya nake ji kamar ƙasa ta tsage in shige, daga baya na saba. Ƙuruciyarsa duka ya ƙarar da ita a gidan ruwa na gari, a ɗakin da ake auna alif da kulorin kafin a saki ruwa zuwa famfunan jama'a. Shi ya sa duk layinmu Baba Famfo ake ce masa, kuma yana amsawa da fara'a. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida ya sa mini ido a kan yadda nake wanke-wanke.

Kafin ya bar aiki akwai abin da ya ƙudurta. Autarmu ta gama jami'a, shi kuma ya bi ofis-ofis, ya rusuna wa mutanen da a da ko gaisuwarsu da ƙyar yake amsawa, har ya samo mata gurbi a ɗakin gwaje-gwaje na gidan ruwan. Ranar da ya zo da labarin har da tsarabar lemo ya shigo. Auta ta saurare shi ya gama, ta ce ta gode, amma ta riga ta karɓi aiki a wata cibiyar kiwon kifin teku, can nesa, inda sai jirgin sama ke kai mutum. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan nan nasa ta kwaso, har da gyara.

"Na zubar da girmana saboda ke," in ji shi, "yanzu ki mayar da ni ƙaramin mutum a gaban yaran da na koya wa aiki?"

"Baba, ai ban ce ka roƙa mini ba."

Wannan maganar ce ta ɓata komai. Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar da ba a faɗa wa uba a tsakiyar falonsa. Daga ranar bai sake yi mata magana kai tsaye ba. Komai sai "ki gaya wa 'yarki", ita kuma "Mama, ki ce wa Baba". Na zama ɗan aike a gidana, ina tsaye tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna.

Auta tana da wani akwatin gilashi na kifi tun tana makaranta, da guminta ta haɗa shi. Bai fi talabijin girma ba. Ruwan gishiri ne a ciki, da farin yashi, da wasu duwatsu masu ramuka, da kifi biyu ruwan lemo masu farin ratsi. Ango da Amarya take ce musu. Amaryar ce babba, ita ke korar Angon daga ramin dutse duk lokacin da ta ga dama, shi kuma ya koma gefe yana kaɗa jela kamar bai ji haushi ba. Na ce mata auren nan na san irinsa.

Jirgi ba ya ɗaukar akwatin ruwa. Ana gobe za ta tafi ta kwashe ruwan a bokitai, ta jawo akwatin daga ɗakinta zuwa falo, ta dasa shi a kan teburin da ke fuskantar kujerar babanta. Wuri bai ƙare a gidan ba, da gangan ta zaɓi nan. Sai ta tsaya tana yi mini bayani da murya mai ƙarfi, kamar ni kurma ce, shi kuwa yana bayan jarida.

"Mama, ruwa yana tashi da zafi, gishiri ba ya tashi. In kin ga ya sauka ƙasa da wannan layin, ki cika da na jarkokin nan, tatacce ne, babu gishiri a ciki. In sun ƙare a sayo wasu a shagon kifi. Don Allah kar a zuba na famfo."

Jaridar ta girgiza, amma ba ta sauka ba.

Ni gwiwa ta hana ni tsugunno, kuma ba ni da haƙurin abin da ba ya amsa gaisuwa. Kwana kaɗan da tafiyarta na fito da safe na tarar da Malam, mijin nawa, a gaban akwatin, tabarau a kan hanci, yana barbaɗa abincin kifi da ɗan yatsa kamar mai auna magani. Ya ce ya ga na makara ne. Washegari ma na makara, a cewarsa, alhali na riga shi tashi. Kafin wata ya zagayo shi ke ciyarwa, shi ke goge gilashi, shi ke duba layin ruwa, har na fara jin yana yi wa Amarya faɗa a kan ta bar bawan Allah ya ci abinci. Ni dai na gane. Bakinsa ya ƙi buɗewa ga 'yarsa, sai ya koma yana yi mata magana ta hanyar kifinta. So yake ranar da za ta dawo ta same su sun yi ƙiba, ta san wa ya kula da su, shi ke nan a shirya ba sai kowa ya ce a yi haƙuri ba. Duk dabararsa ke nan, kuma ba shi da wata.

Duk ƙarshen mako Auta tana kirana ta bidiyo. Bayan gaisuwa sai ta ce in nuna mata mutanenta. In juya wayar, sai ga Malam yana wucewa ta baya yana neman wani abu da bai ɓata ba.

"Mama, ke kike goge gilashin nan haka?"

"Ni da wannan gwiwar?"

Ta yi ɗan murmushi, ta canja magana. Shi kuma ya sami abin da yake nema ya koma ɗaki.

Sai jarkokin suka ƙare. Na ce masa mu je mu sayo.

"Mu sayo me?"

"Ruwa mana."

"Ruwa. A gidana." Ya cire tabarau, na san an shiga. "Ke, gari guda na shayar. Asibiti da ruwana suke wanke jarirai. Ita kanta mai kifin da me ta girma? Sai yau za a ce mini ruwan da mutum ke sha bai isa kifi ya yi iyo a ciki ba? Dabarar 'yan kasuwa ce kawai, su sayar maka da abin da ke zuba a kicin ɗinka."

"Yarinyar nan dai ta ce kar a zuba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ya tari ruwa a jug, ya ɗaga shi ya duba, ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai, ya zuba. Kifin ba su ce komai ba. Ya dube ni irin kallon nan na "kin gani ko". Haka ya ci gaba, duk sanda ruwa ya sauka ya cika daga famfo, kuma na ɗan lokaci har ni na fara tunanin ko shi ke da gaskiya.

Abin ya fara ne da wata ƙura ruwan ƙasa a kan yashi. Ya goge, ta dawo. Daga nan gansakuka ta kama duwatsun, kore shar, doguwa kamar gashi, tana kaɗawa. Ya sayo buroshin haƙori sabo ya dirje dutse ɗaya bayan ɗaya, kafin a jima ta dawo ta fi da yawa. Ruwan kansa ya yi duhu-duhu, sai ka matso kake ganin kifin. A makon nan da Auta ta kira na riƙe wayar a fuskata, na ce mutanenta suna nan, na shiga ba ta labarin maƙwabciyarmu da ta sauya gida. Malam bai wuce ta baya ba ranar.

Wata safiya ya fito da ƙaramin akwatinsa na aiki, wanda ya taho da shi gida ranar ritaya. 'Yan kwalabe ne a ciki da sirinji da cokulan awo.

"Malam, kifi ne fa, ba unguwa ba."

"Gansakuka gansakuka ce, ko a tankin gari ko a kofi. Na san maganinta tun ba a haifi mai shagon kifinku ba."

Kuma ba da ganganci ya yi ba, wannan zan shaide shi ko a ina. Ya auna tsawon akwatin da faɗinsa da zurfinsa, ya cire wurin da duwatsu suka cinye, ya yi lissafi a fili yana motsa baki. Kulorin ɗin da ya ja a sirinji bai kai hawaye biyu ba, kuma sai da ya tsarma shi a kofi. Ya ce wannan ko jaririn da aka haifa yau ya sha ba abin da zai ji. Ma'auninsa ke nan tun yana saurayi, cikin ɗan Adam. Bai taɓa auna ruwa don wata halitta ba.

Ina kicin bayan azahar na ji shiru irin wanda ba na so. Na leƙo. Ango yana kwance a kan yashi ta gefe ɗaya, ratsinsa ya koɗe. Amarya tana can sama, baki a fuskar ruwa, tana buɗewa tana rufewa da sauri. Malam yana tsaye, hannuwa a sake, ko motsi. Rabon da in ga ya tsaya haka tun ranar da aka aiko mana mahaifiyarsa ta rasu.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba, na ce amanar yarinya ce ya yi gwaji da ita, na faɗi wasu ma da ba sai na maimaita ba. Na yafa mayafi na tari tasi zuwa shagon kifi. Mai shagon ta ji bayanina ba ta ɓata lokaci da jaje ba. Ta haɗa ni da jarkokin ruwan gishiri da aka riga aka dama, da wani ɗigo da ke kashe kaifin kulorin, ta ce a kwashe rabin na akwatin a zuba wannan yanzu-yanzu, in an kwana a ƙara. Ta ce in za mu dawo mu taho mata da ruwan famfonmu a kwalba. Direban tasi ya taimaka ya hau mana da jarkokin bene yana haki. Malam ya yi duk abin da aka ce, bai ƙara ko kalma tasa ba.

Amarya ta rayu. Ta shige bayan dutse ta ƙi fitowa, abinci ma sai ya wuce ta gabanta ta kalle shi. Ango kuwa Malam ya naɗe shi a farin ƙyalle ya binne a tukunyar fulawa da ke baranda. Ya daina karanta jarida. Sai ya zauna a kujerarsa yana kallon bayan dutsen nan, ni kuma ina lissafin ƙarshen mako yana matsowa, Auta za ta ce in nuna mata mutanenta.

Muka koma shagon tare, shi riƙe da kwalbar ruwansa a ƙirji. Shagon siriri ne, tsakanin mai facin taya da kantin magani. Ciki duk shuɗin haske, akwatuna jere har sama, injina suna gurnani ƙasa-ƙasa, daɓen a jiƙe sai ka taka a hankali. Mai shagon gajeriyar mace ce mai takalmin roba, hannun riga a naɗe, irin waɗanda ba sa yi wa mai saye dariyar dole. Ta zuba ruwanmu a kofi ta tsoma wani abu kamar biro mai ɗan allo. Lamba ta fito. Ta ɗauraye shi ta tsoma a nata ruwan, allon ya nuna sifiri.

Na ga wuyan Malam ya miƙe. "Wannan lambar tana cikin ƙa'ida. Tana ƙasa da ƙa'ida ma."

"Sosai, Baba. Ruwan garin nan mai kyau ne, shi nake sha, shi nake ba 'ya'yana. Amma mu kofi muke sha mu tashi. Kifin nan a ciki yake kwana, da shi yake numfashi. Kuma akwatin ba ya zuba ko'ina. Ruwa ya tashi, abin da ke narke a ciki ya zauna. Ka ƙara, ya tashi, ya sake zama. Gansakuka kuwa abincinta ke nan."

Ba ta san wa take yi wa bayani ba, ni ma ban gaya mata ba. Malam ya daɗe yana kallon kofin. Wannan lissafin ya san shi sarai, a tankunansa ruwa wucewa yake yi, shi ya sa bai taɓa kawo shi a ransa ba.

Ni idona yana wani wuri. A akwatin da ke kusa da ƙofa ga irin su Ango nan birjik, kamar an buga su a inji ɗaya. Na taɓa shi na yi ƙasa da murya.

"Malam, dubi wancan ƙaramin. Ta waya wa zai bambance?"

Ya kalla, kuma ya daɗe yana kallo, ba zan ce bai yi sha'awa ba. Sannan ya girgiza kai. "Duk zamana a wurin aiki ban taɓa canja lambar gwaji ba, ko da manya sun matsa. Ba zan fara a kan 'yata ba."

Na ji kunya, na kuma ji haushin jin kunyar, don ni ce zan riƙe wayar ranar Asabar ba shi ba.

Mai shagon ta ce in muna so mu ci gaba da sayen ruwa a wurinta, ita riba ce gare ta, amma ta ga gwiwata ta kuma ji muna saman bene, gara mu sayi na'urar tacewa mu huta. Ta kai mu lungun da suke. Akwai wata babba mai injinta da fitilu, Malam ya juya takardar farashin ya gani, ya mayar da ita yadda take a hankali, kamar kar ta farka. Fansho ba ya irin wannan wasan. Ya nuna wani jug mai abin tace ruwa a ciki, irin na kicin, ya ce wannan fa. Ta ce wannan wari kawai yake cirewa, a shayi zai yi amfani. Saura biyu, kuma duk biyun aljihunmu zai iya.

Ta farko kwalba ɗaya ce doguwa cike da wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi. Ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can tas, ba a asarar ko ɗigo. Ita ce mafi araha. Sai dai ƙwayoyin suna ƙoshi, launinsu ya juya, a zubar a sayi sababbi, kuma da irin lambar da ruwanmu ya nuna ba za su daɗe ba. Araha ba ta ado, in ji mai shagon, yau ka yi dariya gobe ka dawo. Ta biyu kwalabe huɗu ne a jere a jikin ƙarfe: ta farko tana tare laka, ta biyu gawayi ne mai cire kulorin, ta uku wani tantani ne da ruwa ke ratsawa da ƙyar, ta ƙarshe 'yan ƙwayoyin nan su share abin da ya rage. Ta ɗan fi tsada, amma kayan cikinta suna jimawa. Aibinta biyu. Tana son famfo mai ƙarfi, kuma duk kofi ɗaya mai kyau da za ta ba ka sai ta tura kofuna da yawa ta wani tiyo zuwa magudana.

"Zuwa ina?" in ji Malam.

"Magudana, Baba. Da shi take wanke tantanin."

Mutumin da ke ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta in ya ji famfonsu yana ɗiga, aka ce ya sayi abin da aikinsa zubar da ruwa. Ya koma wurin mai kwalba ɗaya ya ɗaga ta. Ya ajiye ya dawo wurin mai huɗu. Ya tambayi mai shagon wacce za ta ɗauka in ita ce, ta ce ga ƙaramin akwati irin namu duka biyun suna yi, ya danganta da gidan mutum da abin da ya fi jin zafin asararsa. Wasu masu saye suka shigo ta tafi wurinsu. Ya juyo gare ni.

"Ke me kika gani?"

"Ni? Ni da ko sunan kifin ban iya ba? Malam, karen bana shi ke maganin zomon bana. Kifin nan da mai shi, kuma aikin da take yi ke nan safe da yamma."

Ya fita waje. Ta gilashin ƙofa ina ganinsa tsaye kusa da mai facin taya, yana kallon yadda ake tsoma tayar mota a baho ana neman inda take yoyo, kamar abin ya dame shi. Na sami kujerar roba na zauna, don na san mutumina, zai iya kai wa la'asar a nan. Bai kai ba. Ya dawo ya tsaya a kaina.

"Ba ni wayarki."

Ya kira ta bidiyo, don ta haka muka saba kiranta. Ta ɗauka tana wurin aiki, sanye da rigar leda, ƙarar ruwa a bayanta.

"Mama, ina cikin..." Sai ta ga fuskar da ke allon. "Baba? Lafiya? Ina Mama? Me ya sami Mama?"

Abin ya soke ni. Wato yarinyar nan ta riga ta sa a ranta cewa babanta ba zai kira ta ba sai in mutuwa aka yi.

"Mamanki lafiya lau, ga ta nan zaune." Ya gyara murya, ya yi maganar tiryan-tiryan kamar mai ba da rahoton aiki. "Ango ya mutu. Ni na kashe shi. Ruwan jarka ya ƙare na zuba na famfo, gansakuka ta fito, na sa kulorin. Mamanki ta hana ni, ban ji ba."

Na ga ta ɗaga kai sama ta sauke.

"Amarya fa?"

"Tana nan. Ba ta cin abinci sosai."

"An canja ruwan?"

"An canja." Ya waiwayi na'urorin. "Ina shagon kifi yanzu. Akwai na'ura biyu a gabana. Ban san wadda zan ɗauka ba."

Tun da aka kawo ni gidan mutumin nan ban taɓa jin ya ce bai sani ba a kan abin da ya shafi ruwa. Auta ma ba ta taɓa ji ba. Ta goge fuska da kafaɗa, don hannuwanta a jiƙe suke.

"Juya wayar in gani, Baba."

Ya juya, ya nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ya matso da wayar jikin takardar da ke manne a kwalaben. Ta tambaye shi lambar da ruwanmu ya nuna, ya faɗa. Ta tambaye shi ƙarfin famfon kicin, nan kam bai yi jinkiri ba, ya ce da sassafe yana da ƙarfi sosai kafin unguwa ta tashi, da rana ne yake sanyi.

"To ka ɗauki mai huɗun, ka riƙa kunna ta da safe. Ruwan da take turowa kuma ba ƙazanta ba ne, Baba, ruwanka ne dai. Ka sa tiyon a babban baho, Mama ta yi wanki da shi, a ba fulawa, a goge daɓe. Ba ɗigon da zai tafi banza."

"To," in ji shi.

"Kar ka ƙara wa Amarya abinci don ta ƙi ci. Kaɗan-kaɗan."

"To."

"In za ka haɗa ka kira ni, akwai inda ake kuskurewa."

"To."

Mai shagon ta ɗaure mana kwalin, ta ɗora mana biron awon nan a farashi mai sauƙi, ta ce in lambar ta fara tashi daga sifiri lokacin canja ƙwayoyi ya yi. A tasi Malam ya rungume kwalin a cinya, bai yarda an sa shi a but ɗin bayan mota ba.

Washegari tun kafin in dafa shayi ya baje kaya a kicin. Ya kwashe mini duk abin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya jawo babban bahon wanki, ya jera sifana da abin yanka tiyo a kan tawul. Na leƙa falo na ga Amarya ta fito daga bayan dutse, ta cafki ƙwaya ɗaya ta koma. Na gaya masa, ya ce ya gani tun ɗazu. Ya karɓi wayata ya jingina ta da gwangwanin sukari, ya kira.

Auta tana zaune a bakin gadonta da kofi a hannu, ba ta shiga aiki ba tukuna. Ta fara yi masa bayani. Tiyo uku ne, kowanne da launinsa: ja daga famfo yake shiga, baƙi shi ke zuwa baho, shuɗi shi ne na ruwa mai kyau. Ta ce ruwan farko da zai fito a zubar da shi a baho, kar a ba kifi. Yana durƙushe, rabin jikinsa a cikin kabad, yana cewa to, to.

Ni ina tsaye a bayansa ina jiran buta ta tafasa, don haka na ga abin da wayar ba ta gani. Mutumin da ya kwance injina masu girman mota ya mayar, tiyo uku ba za su ɗaure masa kai ba. Tun tana kan bayanin ja ya riga ya haɗa duka ukun, kowanne a wurinsa, ya ja su ya tabbatar sun kama. Ta zo ƙarshen bayaninta, ta ce to shi ke nan Baba, sai ka buɗe famfo, ni zan shirya in tafi aiki.

Sai na ga ya sa babban yatsa ya danne bakin mahaɗin, ya zare shuɗin tiyon a hankali. Ya fito da kansa daga kabad ya ɗaga shi gaban wayar.

"Wannan fa, Auta? Ina kika ce yake shiga?"

Ta dubi tiyon, ta dubi babanta. Ta ajiye kofinta a ƙasa, ta gyara zama, ta sake farowa daga ja, a hankali fiye da ɗazu. Na zuba shayina na fita baranda, na ja musu ƙofa.